Igiyar Osatsu

A gidanmu na unguwar Al-Sih, lokacin sanyi, da an idar da magariba Kaka takan jawo kaskon gawayi ta aza shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta sun canja ne shekarar da autanta, Kawu Sani, ya samu aiki a jirgin ruwa. Katin gaisuwarsa na ƙarshe ya zo daga Japan, daga nan shiru.

A jikin katin akwai hoton mata cikin fararen kaya a bakin teku, da sunan garin cikin wani rubutu kamar tsani ya karye. Kaka ta dage sai ta ambaci garin nan a addu'a. Baba ya kai wa wani ɗalibi ɗan Japan a jami'a. Mutumin ya juya katin ya juya, ya ce shi ma ya gagare shi, sunayen ƙauyukan gaɓa sai 'yan garin. Bai yi ƙyuya ba, ya rubuta gida ya tambaya. Bayan wata biyu amsa ta zo: Osatsu. Matan kuwa masu nutso ne, miji na cikin kwalekwale riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugun matarsa.

"Masha Allah," in ji Kaka. "Garin da sai ka yi sallama ka tambaya kafin ka kira sunansa, ai gari ne mai mutunci."

Daga ranar tatsuniyarta ɗaya ce. Ga ta nan, wata mata a Osatsu ta nutsa, ta daɗe ba ta taso ba. Maƙwabta suka ce da mijin, khalas, shi ke nan, saki igiyar. Ya ƙi, har tafinsa ya tsage.

"Ya jawo ta, Kaka?"

"Yana nan riƙe, ya binti, 'yata. Sha shayinki."

Haushi kamar ya kashe ni. Na ɗauka ta manta ƙarshen ne, har nakan tsokane ta da tsufa.

Kawu ya dawo bayan shekara guda, a rame, ashe jinya ya yi a asibitin wata tashar jirgin ruwa. A yammacin nan Kaka ta ƙarasa: igiya ta motsa, miji ya ja, mata ta fito da numfashinta. Mu kuwa muna ta tafi.

Sai da na girma na gane wa ke zaune a kwalekwalen. Bara ɗana ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa. Kafin ya fita, na tsare shi a bakin ƙofa, na sa ya yi ta maimaita mini sunan garin har bakina ya iya.