Ɗanbaba da Ƙarfen Ƙofar Ruwa

Kullum da an idar da sallar asuba, Malam Ɗanbaba Uba zai hau kekensa ya bi gefen kanal ɗin da ke shayar da gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure. Aikinsa buɗe ƙofar ruwa: yau na gonakin sama, gobe na tsakiya, jibi na 'yan ƙarshen layi. Shekara talatin da biyar bai taɓa cinye wa wani ranarsa ba.

Abin da ke ƙona masa rai, ni ma yake ƙona mini, shi ne watannin nan na tsakanin zaɓen shugaban ƙasa da rantsarwa. Ofis sai ya suma. Duk abin da ka kai, a ce a jira sabuwar gwamnati, sai ka ce shuka ta san an yi zaɓe!

A irin wannan lokaci ne, ana tsakiyar zafin Afrilu, aka aiko wai a tattara kayan gwamnati kwamitin miƙa mulki ya gani da idonsa. Aka kwashi kujeru da fanka, aka haɗa har da ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwa da shi. Ƙofar kuwa a rufe take.

Kwana shida babu ruwa ko ɗigo. Talatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a ƙarshen layi, ta tare Ɗanbaba a hanya.

"Malam, shinkafata ta yi ciki. In aka ƙara kwana uku a haka, sai dai in kira masu shanu su kiwace."

Ya garzaya ofis. Akawu ya ce, "Baba, haƙuri za ka yi, sai kwamiti ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Ai ba a ma naɗa shi ba tukuna."

Ɗanbaba ya fice daga ofis. Ya zarce kasuwar Bunkure wurin Dalhatu maƙeri, ya zana masa siffar ƙarfen a ƙasa da yatsa. Dalhatu ya ƙera masa, ya je ya buɗe ƙofar; kafin la'asar ruwa ya isa gonar Talatu, shinkafarta ta kuɓuta. Ladan da ofis ya ba shi? Takardar tuhuma, wai ya taɓa kayan gwamnati da ƙarfen da ba na gwamnati ba. Ita ta cinye masa ƙarin girma. Kai, wannan abu da takaici yake!

Malam Ɗanbaba, kai ne ka gane cewa masu mulki ke sauka, aiki ba ya sauka. Yanzu da ka yi ritaya, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu cewa a jira, ku je ku leƙa kanal ɗin nan ko kunya ta kama ku. An sake rantsar da wata gwamnatin, ƙarfen ofis bai fito daga sito ba. Har yau da na Dalhatu ake buɗe ruwa.