Harbin Zuma Ranar Jarrabawa: Daga Calavi Zuwa Zongo

Calavi, 6:40

Ƙarfe bakwai saura minti ashirin na safiyar Talata zuma ta harbe ni a gindin babban yatsan dama, ina ɗauko kofin shayin da ya kwana a taga. Ina da jarrabawa ƙarfe uku na yamma, wadda in na rasa ta sai baɗi. Ƙanwata Rabi, da muke ɗaki ɗaya kusa da jami'a, tana barci, ban tashe ta ba.

Kakarmu Iya da ke unguwar Zongo ita ce mai maganin gidanmu, amma ba ta riƙe waya. Na rubuta wa Kawu Idi ya tambayar mini ita. Amsa ta zo haka: "Iya ta ce ki sa kanwa ta cire miki shi."

Na karɓo kanwa wurin maƙwabciya, na daka, na kwaɓa da ruwa, na lafta. Da bai daina zafi ba na ƙara. Kafin takwas fatar ta yi ja, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Na gwada rubuta sunana, na kasa. Wayar Kawu kuma ta daina shiga, sai na fita zuwa wurin Iya.

Calavi zuwa Godomey, 8:25

Na shiga ƙaramar bas, mu goma sha takwas. Kusa da ni wani dattijo ne mai fataucin shanu, ɗan arewa. Ya dubi hannun ya ce, "Yarinya, kunama?"

"Zuma ce, Baba."

"Ai abu mai sauƙi." Ya zaro ƙoƙon taba gari, ya jiƙa kaɗan, ya manna mini. Ban iya cewa a'a ga babba ba. Na tambaye shi ko zan iya rubutu zuwa uku, ya ce wannan sai Allah.

A Godomey cunkoso ya riƙe mu minti talatin da biyar. Wata mai sayar da abinci ta miƙo ɓarin albasa ta taga, ta ce in murza. Na murza a kan tabar.

Etoile Rouge, 9:50

A wannan shataletalen na sauka na hau zem, wato babur na haya. Mai babur, da rigarsa rawaya, ya ce da faransanci fetur ne maganin, har ya kai hannu zai buɗe tanki. Wannan karon na ɓoye hannun cikin mayafi. Minti goma sha biyu muka yi zuwa bayan masallacin unguwarmu.

Zongo, 10:05

Na tarar da Iya a tsakar gida tana yanka kuɓewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannun, ta sunsuna.

"Taba. Albasa. Nafisa, miya kike haɗawa? Wannan farin fa?"

"Kanwar da kika ce, Iya."

"Ni?"

Na karanta mata saƙon kalma-kalma. Sai ta kira Kawu daga shago.

"Idi, me na ce maka?"

"Kin ce ta sa kanwa ta cire mata."

"Rabi nake nufi, ƙanwarta. Ta kankare mata ƙarin da zuma ke bari a fata, tun da ita da hagu ba za ta iya ba."

Kawu ya ce shi abin da ya ji ya rubuta. Gaskiyarsa ne. A bakin mutanen Zongo kanwa da ƙanwa duk ɗaya ne, wayarsa ma ba ta da harafin nan mai ƙugiya. Ni da nake shekara ta uku ina karatun harsuna ban ko yi tunanin haka ba.

Iya ta wanke hannun sau uku da sabulu da ruwan randa. Ta sa tabarau, ta kankare ƙarin da gefen cokali, ta nuna mini shi a kan farcenta, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Ta aika aka sayo ƙanƙara, ta naɗe a tsumma ta ɗora, ta ce in ɗaga hannun sama da kafaɗa. Bayan rabin awa ta shafa man kaɗanya inda kanwa ta ci fatar. Ta tambaya ko numfashina na sarƙewa ko leɓena ya kumbura, don in haka ne asibiti za mu, ba ita ba. Na ce a'a.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi yatsan ya fara motsi kaɗan. Na yi mata tambayar da nake yi tun safe.

"Iya, zan iya rubutu zuwa uku?"

Ta lanƙwasa yatsan a hankali, ta sake shi.

"Zai yi zafi, rubutun kuma ba zai yi kyau ba. Amma alƙalami za ki riƙe, ba taɓarya ba. Ci tuwo ki kama hanya."