Ranar da ɗan Mama Hannatu ya zo neman uwarsa

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar nan ta watan Agusta ba, ranar da wani mutum ya shigo ofishinmu da jaka a baya yana tambayata inda na kai uwarsa. Tunda ku sababbi kun nace sai na ba ku labarin ranar da na fi jin tsoro a aikin nan, to ku gyara zama.

A lokacin ina teburin tikiti, wato ni ke yanka wa matafiya tikitin jirgin sama, in kama musu otal, in taya su neman biza. Ofishin ƙarami ne, a saman wani bene a Sabon Tasha, nan Kaduna, daga ni sai manajanmu Oga Dauda. Doka ta farko da Oga ya koya min ita ce wadda ku ma aka koya muku: ba a faɗa wa kowa tafiyar kwastoma. Ko mijin mace ne ya zo, ko fastonta, bakinki alaikum. Dalili kuwa kun san shi. Duk mai fita waje sai ya bi ta Abuja, sai kuma ya dawo ta wannan hanyar, ga infoma, masu tsegunta wa masu garkuwa da mutane, sun cika gari. Wanda aka ji ya sauka daga ƙasar waje, gani ake dala ce cike da akwatinsa.

Mama Hannatu ta fara zuwa wajenmu ne a watan Yuni. Tsohuwar shugabar nas-nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a Unguwar Boro. Mijinta ya daɗe a kwance, ita ta yi jinyarsa har Ubangiji ya karɓe shi. Tun kafin ta sarara, kowane dogon hutu 'ya'yanta sai su kwaso mata jikoki su zube, wai sun zo su ɗebe wa Kaka kewa. Da ta zauna a gabana ta cire tabarau, ta ce:

"Rifkatu, 'yata, ki nema min inda ba wanda zai kira ni Mama."

Na ɗauka wasa take, na yi dariya. Ita kuwa ko murmushi.

Mun sha fama kafin mu tsayar da wuri. Na ce Landan, ta ce 'yar ƙanwarta na can da jariri, kafin ta ajiye akwati za a miƙo mata goyo. Na ce Dubai, ta ce ita ba 'yar aike ba ce, ga zafi a watan. Urushalima kuwa ta riga ta je da ƙungiya, ta ce tun asuba ake tashinsu a jera su a mota kamar 'yan firamare. Na kawo Gambiya, tunda ba a neman biza, sai muka duba muka ga can ma damina ce. Ta ce ruwan saman Kaduna ya ishe ta. A ƙarshe na nuna mata hoton wani ƙaramin otal a bakin teku a tsibirin Zanzibar, na gaya mata a wannan lokacin ba ruwa, ba zafi sosai. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye ni ko akwai 'yan Najeriya da yawa a wurin. Na ce ban zata ba. Ta ce in yanka.

Ta kuma ja min kunne cewa ko 'ya'yanta ba ta so su sani. A cewarta, idan suka ji, ɗaya zai ce cuta take ɓoyewa, ɗaya zai ce sai ya raka ta, zumuntar mata kuma su zo addu'ar rakiya, kafin ka ce kwabo Unguwar Boro duka ta ji. Za ta ce musu ta tafi ƙauye wajen ƙanwarta, inda ba sabis ɗin waya. Ni dai ban ga aibu a ciki ba. Mutanenmu da yawa haka suke tafiya yanzu, sai sun dawo a ji.

Ta tashi a farkon Agusta. Kusan mako guda bayan haka, ran Talata da hantsi, Oga ya tafi Abuja kai fasfo, ni kaɗai ce a ofis. Sai ga wani ƙato ya turo ƙofa ba sallama. Idanunsa jawur, rigar ma'aikatan masana'anta ce a jikinsa, ga baƙar jaka ya goya ta tamau. Na ce ya zauna, ya ƙi. Ya ce sunansa Bitrus, a Kudenda yake aiki, shi ne babban ɗan Mama Hannatu. Mai keke napep ɗin da ke ɗaukarta ne ya gaya masa ya sha sauke ta a ƙofar benenmu. Yana so ya san ina ta tafi, da wa ta tafi, kuma yaushe za ta dawo.

Waɗannan su ne ainihin tambayoyin da Oga ya ce infoma ke yi. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga 'ya'yan Mama ba. Ga jakar nan da ya ƙi saukewa, zuciyata ta ba ni bindiga ce a ciki. Na dubi ƙofa, yana tsakanina da ita. Na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage min na ce masa ba ma bayar da bayanin kowa. Ya buga tebur har kwamfuta ta girgiza.

"Madam, kar ki raina min hankali. Ke ce ta ƙarshe da ta gani. Ko ke kika sayar da ita?"

Sai ya fara magana da sauri, ina tsinta da ƙyar. Ƙanwar Mama ta shigo Kaduna ran Juma'a ganin likita, ta biya gaishe da yayarta, ta tarar da gida a kulle. A nan asiri ya tonu cewa ba ta je ƙauye ba. Wayarta a kashe. Sun zagaya asibitoci, sun kai rahoto wajen 'yan sanda, ran Lahadi fasto ya sanar a coci aka yi addu'a. Litinin da safe sai ga kira daga wasu mutane: wai Mama na hannunsu. Sun ce ya kawo kuɗin fansa shi kaɗai yau, ya wuce Gonin Gora a hanyar Abuja, za su gaya masa inda zai sauka ya shiga daji, kuma kada la'asar ta wuce. Ya danna wayarsa ya sa min abin da ya naɗa. Muryar wani mutum, a bayanta kuma kukan wata dattijuwa tana kiran sunan Yesu.

Ni da na yanka tikitin da hannuna sai na fara kokwanto. Idan ba ta ma kai Abuja ba fa? Na juya kwamfutar yadda ba zai gani ba. Don ku sani, tikiti yakan nuna ko an hau jirgi da shi ko ba a hau ba. Nata ya nuna an yi tafiyar zuwa, ta dawowa na nan ba a taɓa ba. Na ɗan samu numfashi, amma kukan nan bai bar kunnena ba.

Na kira Oga na raɗa masa. Ya ce kada in faɗi komai, in kira otal ɗin, shi ma ga shi nan zai kamo hanya. Na kira, wata mata ta ɗauka, ta ce min cikin ladabi ba sa bayar da bayanin baƙinsu. Ka ji fa, abin da nake yi wa mutane kullum yau an yi min. Sai da na ba ta lambar da na kama ɗakin da ita sannan ta ce baƙuwar ta bi kwalekwale zuwa yawon teku tun safe, sai yamma za su dawo. Na roƙe ta don Allah da zarar ta sauko a ce ta kira ni, magana ce ta rai.

Duk wannan Bitrus na tsaye yana kallon agogon bango. Na ce masa iyakar abin da na gani uwarsa ba ta daji, ya ba ni lokaci. Ya ce kwamfuta ai abin da aka rubuta mata take faɗa, shi kuwa da kunnensa ya ji kukan uwarsa. Gaba kura, baya siyaki. In na faɗa masa alhali ɗan leƙen asiri ne, na miƙa Mama ga masu jiranta a hanya ranar dawowa. In na yi shiru alhali ɗanta ne, zai kai kansa daji wajen mutanen da ba su da abin da za su ba shi, kuma kowa ya san ba sa barin mai kawo kuɗi ya koma haka nan.

Wajen azahar ya ce shi ya gaji da wasan yara. Ya sauke jakar a karon farko don ya gyara igiyarta, zif ɗin ya buɗe. Abin da ke sama shi ne zani mai kauri a naɗe, da rigar sanyi, da kwalin maganin hawan jini. Ya ga ina kallo, sai muryarsa ta karye. Ya ce bai san ko ta ɗauki maganinta ba, ga ruwa ana ta yi, daji kuwa da sanyi.

A nan na san ɗanta ne. Infoma ba ya sayen maganin hawan jini.

Ya saɓa jakar ya nufi ƙofa. Ban san lokacin da na zagayo tebur na tare ƙofar da jikina ba, ni da ban kai kafaɗarsa ba. Na ce masa uwarsa tana Zanzibar, hutu ta je, ni na yanka mata tikiti. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce uwar da ko kasuwar Sabo ba ta zuwa sai ta gaya masa? Sannan ya sassauta murya, wanda ya fi ihun ban tsoro:

"Zan zauna. Amma in la'asar ta wuce suka taɓa ta, jininta a kanki."

Muka zauna. Ban taɓa ganin agogo mai gudu kamar na ranar ba. Ina addu'a a zuci, ina kuma lissafa duk abin da zai iya faruwa. Kwalekwalen na iya makara. Matar otal na iya mantawa. Ko ma wata baƙuwar take nufi ba Mama ba. Zufa ta jiƙa min riga sharkaf alhali fanka na juyawa. Na sake kiran otal har matar ta fara gajiya da ni. Shi kuwa ya rungume jakar a cinya, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba.

An fara kiran sallar la'asar daga nesa, ya miƙe tsaye. Daidai nan wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo daga baƙuwar lamba. Na danna, sai ga fuskar Mama Hannatu da wata faffaɗar malafa a ka, tana tambayata lafiya. Na juya masa wayar kawai.

Ƙaton nan ya sulale ƙasa ya zauna dirshan. Ba ya cewa komai sai "Mama, Mama." Ita kuma tana ta tambaya wa ya mutu. Ni na yi mata bayani a gaggauce, ina gani fuskarta na sauyawa. Ta fara cewa ya yafe mata, barci kawai ta so ta yi, sai wayar Bitrus ta ɗauki ruri a aljihu. Su ne.

Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauka ya sa a sifika. Mutumin ya ce ina ya tsaya, ko ba ya son uwarsa ne? Ya ce bari ya ji ta. Kukan nan ya sake cika ofis, wannan karon har da tari, tana roƙon a ba ta ruwa. Bitrus ya kashe wayar. Ƙarar teku na fitowa ta wayata. Can Mama ta matso da fuskarta, ta yi tambaya da muryarta ta nas:

"Bitrus, wannan ba kukan wasa ba ne. Uwar waye?"



Da Oga ya iso ya raka Bitrus wajen 'yan sanda, suka ba da lambar da abin da ya naɗa. Oga bai yi min faɗan karya doka ba. Mama ta ce in canza mata tikiti ta dawo washegari, Bitrus ya hana, ya ce ta ƙarasa hutunta. Ta ƙarasa ɗin, amma daga baya ta gaya min ba ta ƙara samun barcin kirki a can ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan zaɓen ƙasa da otal shi ne mai sauƙi. Mutumin garin nan ba ya tafiya shi kaɗai, ko da kujera ɗaya ya saya, domin a nan waya a kashe ba hutu take nufi ba. Dokar rufe baki tana nan, ku riƙe ta da kyau. Amma duk wanda ya ce muku kada kowa ya sani, ku lallashe shi ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu ya gaya masa, ku kuma tabbata wayarsa za ta yi aiki a can. In ya ƙi, ku ba shi wannan labarin.

Matar da muka ji kukanta kuwa, na tambayi Bitrus sau da yawa ko 'yan sanda sun ce wani abu. Har yau ba mu san ko 'ya'yanta sun same ta ba.