Gwaggo da Tukwanen Biki

Gwaggo tela ce, kuma tun tana yarinya jikinta ba ya shiri da gyaɗa. Ko da man gyaɗa aka soya abu ta ɗanɗana, sai leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, sai an kwashe ta zuwa asibiti. Haka ta yi shekara da shekaru tana ɗinka wa amare kaya, tana zuwa bikinsu, tana komawa gida da yunwa. Dangi suka ce girman kai ne da ita. Ba ta musa ba, don a ganinta hakan ya fi dogon bayani sauƙi.

Da auren 'yar wanta ya tashi, sai ta rufe keken ɗinki ta ce abinci a hannunta yake. Ta bi gidajen waɗanda aka gayyata tana tambaya ko akwai abin da in sun ci jininsu ke bori. Nan ta gano ashe dangin kaf a kwance suke. Ƙanenta direba ya ce duk naman da ba cinyar kaza ba yana sa shi ƙaiƙayi.

"Tun yaushe?" in ji Gwaggo.

"Ya jima, Yaya. Haƙuri nake yi."

Ta ce Allah ya ƙara haƙuri, ta wuce. Masu larurar gaske ba su da yawa: ƙanwar ango ba ta cin ƙwai, wani tsohon maƙwabci kuma madara ke kayar da shi. Gwaggo ta ware musu tukwane, ta ɗaura wa kowane ludayi ƙyalle daga ragowar yadin shagonta, ta hana man gyaɗa shiga kicin ɗin zauren bikin.

Mai girkin da aka ɗauko ta ce, "Hajiya, ai ludayi ludayi ne."

"Haka ne. In kika haɗa su, ke za ki raka mutum asibiti da kayan girkinki."

Ba a haɗa ba. Kek ɗin da aka yi babu ƙwai babu madara ya fito da nauyin bulo, sai da ango ya danna wuƙar da hannu biyu.

Ranar biki kowa ya ci ya sha lafiya, har direba ya cinye kifi bai sosa ko'ina ba. Sai ga mai hoto ya zauna daɓas a bakin ƙofa, idonsa ya kumbura ya rufe. Shi kifin ne abokin gabarsa, kuma ba wanda ya tambaye shi, tunda aiki ya zo yi. Miya ya ɗiba a tsaye, bai san da kifi a ciki ba.

Gwaggo na ganin fuskarsa ta gane. Motar da ke kusa ita ce ta amarya, da furanninta da balan-balan, a ciki aka kai shi asibiti. Ya samu allura, ya kwana, ya warware.

Amarya ta tafi gidanta a motar mai kawo kujeru. Hotunan bikin sun tsaya a daidai yankan kek, sai na ƙarshe da ya ɗauko fankar silin. Da mai hoto ya zo godiya, Gwaggo ta zaunar da shi a kan bencin shago, ta tambaye shi ko matarsa na cin komai.