Kumatun Rayyis Hifni

A ƙauyukan gefen Ƙina, in biki ya tashi ba a tambayar wa zai busa algaita, Rayyis Hifni ne. Shekara talatin da ɗoriya yana abu ɗaya, kuma bai iya ƙin gayyata ba, ko da ladan bai wuce kwanon wake ba. Allah ya ba shi kumatu. In ya cika su da iska, yara kan bar amarya su zo kallonsa.

Shi ya sa da muƙamuƙinsa na hagu ya fara tasowa, ba wanda ya kawo ciwo a ransa. Abokan busa cewa suka yi gwaninta ce, iska ta yi wa kanta ɗaki. Shi kuwa, bawan Allah, har shafa wurin yake yi a teburin mai shayi.

Matarsa Zakiyya, mai kiransa Abu Sabir saboda ɗansu, ita kaɗai ta ƙi yarda.

"Abu Sabir, wace irin iska ce ba ta fita ko kana tauna burodi?"

"Ke me kika sani a busa?"

"Na dai san fuskar mijina."

Ta tisa shi gaba har asibitin Asyut. Likita ya ɗaga hoto ya nuna masa jakar ruwa a cikin ƙashi. Ya ce daga ragowar abin da ya gina masa haƙora ta fito, ta yi shekaru tana cin ƙashin a hankali. Ba ciwon daji ba ne, amma sai an cire, kuma jijiyar leɓe tana dab da wurin.

"Zan sake busa, likita?"

"Allah ne masani, Rayyis."

Wata biyar bayan aikin, leɓen yana nan kamar na aro. Algaita na rataye, ko kallonta ba ya yi. Tsoro yake ji, don in ya gwada ta ƙi, shi ke nan.

Wata hantsi ya ɓoye ta a cikin riga ya shige gonar rake, ya busa. Abin da ya fito ba daɗin ji, amma ya fito, har ya ja shi ya ɗan yi tsawo.

Ya dawo sumumu, ya tarar da Zakiyya a bakin murhu. Ashe ta ji, murna ta cika ta.

"Jakin wa ke kuka a gonar rake?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gobe a tsakar gida za ka yi, Abu Sabir. Wata biyar ke nan kamar ba ni da miji a gidan nan."