Wanda Muka Baro a Hanyar Ɗan Kassari

Mun baro shi kwance a gefen hanya, muka koma gida muka sha kunu. Haka abin ya faru, kuma duk yadda na juya shi a raina ba ya sake kama.

Tsohon mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin boko, ya koyar a lakkol, wato makaranta, har ya aje aiki. Mu kuwa 'yan gudun Lahadi ne na Dogon Dutsi: ma'aikatan biro, wato ofis, masu tumbi irina, 'yan kasuwa biyu-uku, da samari masu shirin shiga soja. Bayan sallar asuba mukan taru gindin wani gawo a bakin gari, wajen mai shayi, mu kama hanyar Ɗan Kassari, mu juyo kafin rana ta yi zafi. Mutanen gari na ce mana mahaukata, masu gudu ba a kore su ba. Shi mushe ba ya gudu, gwiwa ta hana shi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Keke yake hawa da jarka biyu na ruwa ɗaure a baya, yana bin na ƙarshe.

Na ƙarshen nan kuwa ni ne, kullum. Likita ne ya ce in rage ƙiba ko in tanadi likkafani, shi ya sa na fito. Ina haki kamar zan shiɗe, shi yana gefena yana tsiya: "Kai, wannan gudu ne ko neman allura kake? Ɗaga ƙafa mana, ƙasar ba ta ubanka ba ce!" In ya ga na fara ganin duhu sai ya sauka, ya zuba mini ruwa a ƙeya, ya tura keken muna tafe tare. Wallahi sau da yawa don kunyarsa kawai nake tashi daga shimfiɗa.

Yana da wata dabara da ya taho da ita daga lakkol. Akwai ƙwarya da yake ajewa wurin mai shayi. Kafin a tashi kowa ya jefa tsakuwa ɗaya, in ya dawo ya ɗauke abinsa. Ƙwarya ta zama wayam, to kowa ya iso, a watse. Na taɓa tambayarsa ina tasa tsakuwar. Ya yi dariya ya ce, "Ka taɓa ganin an ƙirga makiyayi cikin awaki?" Muka yi dariya mu ma, wawaye.

Ran nan bazara ce, tun da safe iska ba ta motsi. Ban san abin da ya shiga jikina ba, a hanyar dawowa na ji ƙarfi, na wuce wani mai sayar da atamfa da ya fi ni gudu kullum. Mushe ya ɗaga murya daga baya: "Iye! Je ka, yau an yaye ka!" Ko waiwaye ban yi ba, daɗi ya cika ni.

Mai atamfa ya iso yana jan ƙafa, ya ɗauke tsakuwar ƙarshe, mai shayi ya kife ƙwarya. Na ji wani ya ce ina mushe, wani ya ce wataƙila ya yanke ta gida. Ni da na fi kowa sanin bai taɓa yankewa ba, ina can ina cika baki yadda na wuce mutum.

Sai wajen azahar mai shayi ya kira ni a waya. Wai wani Bafillace ne ya tsinci mushen namu kwance, ya gane keken, ya ja shi inuwar sabara ya taho neman masu gudu. Muka same shi baki a karkace, ɓarin jiki ɗaya ba ya motsi, ido buɗe yana kallonmu. Muka kai shi asibiti. Da likita ya tambaya tun yaushe ya faɗi, ba wanda ya ɗaga kai. Kwana biyu ya yi bai ce uffan ba, ya cika.

Gudun ma bai daɗe ba bayansa. Ba wanda ya ce a bari, kowa dai ya zame da uzurinsa. Tumbina ya dawo har ya fi da, kuma ban damu ba.

Ranar addu'ar uku matarsa ta aiko a kira ni daga cikin maza, wai yakan yi zancena a gida. Na durƙusa bakin ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta amsa, sannan ta ce, "Malam, shi da kai ba ku rabuwa a hanya. Kana kusa da shi sa'ad da ya faɗi ko?"

Na ce, "E, Inna, ina kusa."

Ta shafa fuska ta ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ke hana ni barci ke nan. Allah ya saka maka da alheri."

Na ce amin. Har yau in muka haɗu a hanya sai ta tsaya ta sa mini albarka.