Kaktus ɗin Yaya Adisa Yana Nan a Gurugu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Adisa makwancinta, amma har yau a gidanmu na unguwar Gurugu, cikin Tamale, ba a daina rigima kan shukarta ba.

Yayata ce, malamar firamare. Wata abokiyar aikinta 'yar Kumasi ta ba ta kaktus na farko, ɗan dunƙule mai ƙaya da bai fi curin fura ba. Ta haɗa masa yashi da tsakuwa da garin gawayi a tukunya mai huji. Ba ta ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau, damina na sauka kuma ta janye shi ƙarƙashin rumfa. In ya fitar da 'ya'ya a gindi ta ɓalle su, ta bari su sha iska, sannan ta dasa. A haka tukwane suka cika baranda.

Matan unguwa ba su bar ta ta huta ba. "Malama, ƙaya cikin gida ba shi da kyau kuraa, ko kaɗan, shi na koran arziki." Sai ta ce, "Bari ya kori 'yan tsegumi tukuna."

Kirkin mutane ne ya kashe shukokin. A zaman makokinta, duk mai alwala sai ya tsuguna kan tukwanen, wai kada shukar marigayiya ta mutu da ƙishirwa. Kafin sadakar arba'in duk sun ruɓe daga gindi. Ɗaya kaɗai ya tsira, na kan katanga, inda buta ba ta kaiwa.

Yau shiga ofisoshi da otal-otal na Tamale, ga kaktus a kan tebur, kuma 'ya'yan masu yi mata gori ne ke saye. Da tana nan da ta yi dariya har da hawaye.

Yanzu babban wanmu, Alhaji Fuseini, ya ce in fitar da wanda ya rage kafin bikin ɗansa, kada dangin amarya su yi magana. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Yaya Adisa ba ta bar ɗa ba, ba ta bar fili ba. Wannan ɗan dunƙulen, mai yi mana jan fure duk bazara, shi ne abin da ya rage nata a gidan ubanmu.

Na ce masa, "Yaya Alhaji, ka yi haƙuri, ba inda za shi."

Na ma ɓalle ɗan kaktus ɗin guda na dasa a sabuwar tukunya. Ita ce gudummawata ga amarya.